'Ya'yan Pinyon Ƙarƙashin Sarƙaƙiya

Los Charcos, farkon Afrilu

Zuwa ga 'yata Herminia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya zafin Guadalajara? Nan ma rana ta tsaya mana a ka, gwiwata kuwa tana nan da halinta.

Na ba direban motar Juchipila ɗan buhun ƙwayar itacen pinyon na dutsenmu, ragowar ta bara ke nan. Ki soya wa yara da gishiri.

Akwai abin da na gani. Na hau dutse neman alfadarina, na zauna hutawa a gangaren da mahaifiyarki ta zame da kwando shekarar da za ta rasu, ƙwaya ta watse cikin sarƙaƙiya. Kin tuna faɗan da ta yi, wai ƙaya ta cinye mata wahalar yini. To, na leƙa ƙarƙashin ƙayar nan, sai ga tsirrai shuɗi-shuɗi masu laushi, ko gwiwa ba su kai ba. Na murza ɗaya na shinshina. Ƙamshin ƙaron pinyon ne.

Herminia, a gindin itatuwan nan na tsufa. Na san ganyensu kamar allura, biyar-biyar a ɗaure. Na san abarbarsu, gidan ƙwayar ke nan, da ta kai kan yaro girma, wadda sai ta ga damina biyu take nuna, in ta faɗo maka a ka sai a nemo Fadan coci ya yi maka addu'ar ƙarshe. Amma ban taɓa ganin ɗansu ba. Mu ne ke cinye ƙwayar, wadda ta tsira shanu su cinye tsiron. An ce da ƙyar ake samun irinsu a wani dutsen, ga namu duk tsofaffi kamata.

Ki gaida kowa.

Mahaifinki,
Cresencio

Ƙarshen Afrilu

'Yata,

Ina gaishe ki, ina fatan tarin ƙaramar taki ya yi sauƙi. Ni jiki lafiya, hankali ne ba a kwance ba.

Tacho, wanda ya riƙe ki ranar baftisma, zai sa wa gangaren wuta kafin ruwan farko, kamar kowace shekara, don sabuwar ciyawa ta fito wa shanunsa. Na kai shi wurin da kaina. Ya durƙusa ya duba, ya kwashe da dariya.

"Tsoho, ciyawa ka mayar jikoki? Ai pinyon ba a haifarsa, da girmansa Allah ya ajiye shi."

Na ce, "Kai ma da wannan gemun aka haife ka ke nan. Allah ya jiƙan uwarka."

"Bar uwata ta huta. Shanuna fa, addu'arka za su ci?"

Da gaskiyarsa, don na ga shanun, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga ƙofar coci. Na ce ya bar mini kwanar nan kawai. Ya ce wuta ba ta san kwana ba, kuma sarƙaƙiyar ta bushe ƙamas, ita za ta fara ci. Muka rabu ba sallama. Tun muna yara ba mu taɓa haka ba.

Ki sa mu a addu'a.

Mahaifinki,
Cresencio

Tsakiyar Mayu

Herminia 'yata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ga yadda ta ƙare.

Tacho bai gaya mini ba, ashe abin ya tsaya masa a rai. Ya ɗauki adda ya hau shi kaɗai, ya sare sarƙaƙiyar kaf, ya share kewayen tsirran tas don wuta ta rasa abin kamawa. Ya zo gidana hannuwa duk jini, yana washe baki: "Je ka duba jikokinka, mai rigima, na yi musu shara." Wallahi na rungume shi. Muka sha kunun masara tare. Aka sa wuta, ta zagaye wurin ta wuce, ko ganye ɗaya bai ƙone ba.

Daga ni har shi babu wanda ya tambayi kansa abin da ya raya su shekarun nan. Ƙayar ce. Ita ta hana bakin saniya shiga. Bayan wutar duk gangaren ya zama toka, tsirran nan kaɗai suka rage ɗanyu.

Da muka hau, shanun na tsaye a wurin suna tuƙa. Tacho ya cire hularsa. Ya ce, "Cresencio, zage ni mana." Na durƙusa na duba. Guda ɗaya ya tsira, a tsagar dutse inda harshe bai kai ba. Mu biyu muka jawo ragowar ƙayar da ya sare wadda wuta ba ta ci ba, muka lulluɓe shi, yana ja yana sharar ido wai toka ce.

Ɗaya bai isa ba, 'yata. Na bincika gidan nan da na Tacho, babu ko ƙwaya, kuma abarbar bana ba ta da yawa. Ruwa ya kusa. Akwai wata sarƙaƙiyar a sama da rafi, wannan karon ba zamewa za a yi ba, da hannu zan zuba.

Buhun nan da na aiko, in ba ki soya duka ba, ki ba direba ya dawo mini da shi. Ki ba yara haƙuri, ki ce kakarsu ce ke so.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Cresencio