Ƙwayoyin jinina sun hau

Gumel, Jihar Jigawa.

Zuwa ga ƙanwata Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya zaman Fatakwal da yawan ruwanta? Mu nan sai godiya, kuma matar yayanki Hajara tana gaishe ki.

Shekaranjiya muka dawo daga asibiti a Kano. Kin san a ɗakin gwajin jini na yi aikina har na yi ritaya, shi ya sa tun da aka ce ciwon dajin ɓargo gare ni, ni nake fara karanta takardata kafin likita. Bara na ga jajayen ƙwayoyin jinina da masu tsayar da zubar jini sun yi ƙasa ƙwarai. Na san masu irin wannan ba su cika daɗewa ba, amma ban faɗa wa kowa ba, har ke.

Wannan karon na kasa buɗe takardar sakamakon, sai na miƙa wa likitar. Ta duba ta ce, "Baba, ƙwayoyin sun hau. Ba warkewa ba ce, amma alama ce ta samun lokaci." Hajara ta tambaye ta ko zan ga auren autarmu Zainab. Ta ce, "Rai a hannun Allah yake, amma ku sa rana."

Mun sa bayan Babbar Sallah. Alhamdu lillahi. Ki ci gaba da yi mini addu'a, ki gaida yara, ki kuma fara shirin hanya.

Yayanki,
Sule.