Kaka Fa, An Ɓoye Shi?

Alhamis da dare, Aston, Birmingham

Na kasa barci. Yau na raka ajin su Rahila babban cocin Angilika na tsakiyar Birmingham. Tsohuwar da ke zagayawa da baƙi ta ce a yaƙin duniya na biyu bam ya faɗo wa cocin, rufin ya ƙone. Tagogin nan masu launi kuwa sun tsira, don tun kafin jirage su zo aka cire su, aka ɓoye a ramin haƙar dutse.

Rahila ta ja hannuna, ta ce, "Mama, Kaka fa? Shi an ɓoye shi?"

Ashe yarinyar nan ta ji wayarmu da Yaya Bitrus jiya, da yake cewa 'yan bindiga sun aiko garinmu za su shigo. Na zauna a benci.

Muna sauka daga bas na kira Baba. Na ce, "Baba, don Allah ku bi Yaya Kaduna, ko na wata ɗaya ne."

Ya yi dariyar nan tasa. "Ladi, in na tafi wa zai buɗe coci ran Lahadi? Tsofaffin da ba sa iya gudu fa?"

Sai layin ya yanke. Tun yamma nake kira, ba a ɗauka. Na ce wa Rahila caji ne ya ƙare, ta yarda, ta yi barci. Amma wayar da ba caji ai ba ta shiga. Ta Baba tana shiga.