Kantu Uku a Bayan Ƙofa

Zuwa ga Goggo Zalika, mai amsa wasiƙun mata a zaman karatun Alhamis.

Assalamu alaikum. Goggo, don girman Allah ki taimake ni, dabarata ta ƙare. In za ki karanta wannan a gaban mata, ki sakaya sunana.

Damina uku ke nan maigidana ya bi ayarin gishiri zuwa Bilma, bai komo ba. Ba mutuwa ya yi ba, ana ganinsa a Agadas, wai yana ɗinkin kayan raƙuma. Ya bar ni da ɗiya uku da rumbu guda na gero, wanda bai kai mu kaka ba. Tun daga nan kaɗi nake yi, in yi wa mutane surfe a ba ni tsaki. Ƙaramar, Mariama, ba ta da ƙoshin lafiya, nonon akuyarmu guda ke riƙe da ita.

Ga abin da ya ɗaure ni. Duk shekara in ayari ya sauko, madugu Jimrau zai tsaya a ƙofar gidanmu, a gaban jama'a, ya sauke kantun gishiri guda ya ce saƙon maigida ne. Ba zane, ba hatsi, ko gaisuwa ga yara babu. Kuma ba beza ta miya ba ce, irin wanda dabbobi ke lasa ne.

Bana na cire kunya na tahi wajen alƙali. Ya ce sai an rubuta wa maigidan an ba shi wa'adi, sannan in rantse a kan maganar ciyarwa, kafin a raba auren. Kuɗin mai rubutu da guzurin ɗan aike har Agadas duk a kaina. Da na auna, sai dai akuyar ta tahi kasuwa.

Wana Sallau ya ce in rantse kawai bai aiko da komai ba, ai gishiri ba tuwo ba ne. Goggo, a gaban mahaifina na sauke Alƙur'ani. Da wane hannu zan dafa shi in faɗi haka, alhali kantu uku na jingine a bayan ƙofata? Ban taɓa gutsurar ko ɗaya ba, ina tsoron in na taɓa, na karɓi ciyarwa ke nan, bakina ya mutu. Har tabarma na lulluɓa musu don kada akuya ta lasa. Ranar da ba mu ɗora tukunya ba, sai in zauna ina kallonsu.

In sayar da akuyar Mariama? In bi maganar Sallau? Ko in zauna haka, ni ba mai aure ba, ni ba sakakka ba? Allah ya gafarta mini in na yi wa bawan Allahn nan mummunan zato.

Baiwar Allah, daga gefen Birnin Lalle.

AMSA

Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Akuya ba za ta je kasuwa ba, ki fara ajiye wannan a ranki.

Kin yi daidai da kika ƙi maganar Sallau. Tausayinki ya ji, amma ba shi zai tsaya da rantsuwar gobe ƙiyama ba. Sai dai ke ma kin ɗora wa kanki abin da shari'a ba ta ɗora miki ba. Ciyarwa ita ce ci da sutura da wurin kwana gwargwadon hali. Wadda ta karɓi kaɗan daga hakkinta, sauran bai faɗi ba. Gishirin nan naki ne tun ranar da aka sauke shi.

Ki koma wa alƙali da maƙwabta biyu da suka san zamanki. Ki faɗi rumbun, ki faɗi kantun, ki roƙi a ɗora rantsuwar a kan gaskiya: abin da ya bari da wanda ya aiko bai ishe ku ba. Jimrau kansa shaidarki ne, shi ya san nauyin saƙon. Tunda kuma zai koma arewa, ki roƙi alƙali ya danƙa masa wasiƙar a gaban shaidu, guzurin ɗan aike ya faɗi.

Shi ma maigidanki a yi masa adalci. Mai yiwuwa dabara ce ta riƙe ki, mai yiwuwa kuma talauci ne da kunyar dawowa hannu wofi. Wa'adin hakkinsa ne. In ya zo da ciyarwa ta gaske, aurenku na nan, don haka ki shirya wa zuciyarki duka biyun. In an raba, ciyar da yaran na wuyan ubansu, ki nemi alƙali ya faɗa a gaban mutane.

Yanzu ki yaye tabarmar nan. Kantu biyu ki sayar wa makiyaya a rijiyar Korahane, ki biya mai rubutu, sauran ki auni gero. Na ukun ki ɗauka a ka har gaban alƙali, ki dire, ya ga abincin shekara na baki huɗu da idonsa. Kafin ki fita, ki fasa gefensa ki ba akuyar, ita ta yi aikin ciyarwa a gidan nan.

Allah ya ba Mariama lafiya, ya warware miki cikin sauƙi.

Goggo Zalika