Faifan da Baba Ya Zaɓa

Greenwood, Mississippi
9 ga Mayu, 1974

Yaya Cleotis,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya aikin soja, ya zaman Jamus? Ya ƙarin haƙurinmu? Mun binne Baba ranar Asabar, Allah ya ji ƙansa. Nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Ka san shekara goma sha huɗu Baba bai ambaci sunan ƙanwarmu Vernell ba, tun da ta bar ƙungiyar mawaƙan coci ta tafi Memphis tana waƙar duniya da ake kira sol a gidajen rawa. Cewa yake muryar da ya rena wa Ubangiji ta kai wa Shaiɗan. Wasiƙunta ma a rufe yake mayar mata. Amma kuma shi ɗin ne ya mato a kan waƙar kaboyi ta wata Connie Pike, kullum faifanta na kan garmaho. Har tsokanarsa nake: "Dattijon coci guda, da son Baturiya?" Sai ya ce in rufe masa baki, ana waƙa.

Kafin ya cika ya bar wasiyya gaban Fasto, wai Connie Pike ce za ta yi waƙa a jana'izarsa. Na rubuta wa kamfaninta a Nashville, don dai in sauke nauyi. Da Vernell ta bugo waya kuwa, cewa na yi kada ta zo, ta bar mamaci ya huta.

Ranar Asabar sai ga Vernell a ƙofar coci. Na tare hanya. Sai ta miƙo mini wasiƙar da na aika Nashville. Yaya, ita ce Connie Pike! Kamfanin ne ya sake mata suna, ya hana sa hotonta a kwalin faifai, wai fararen fata ba za su saya ba in sun ga fuskarta. Shekara shida muna jin ta a gidan nan! Goggo Beulah ta ce, "Ashe har kabari kika yaudari tsohon nan, ja'ira?"

Vernell ta yi waƙar tana hawaye. Ko abinci ba ta tsaya ci ba. Ta ce mini Baba baƙuwa ya gayyata, ba 'yarsa ba.

Jiya ina tattara faya-fayansa, takarda ta faɗo daga kwalin faifan Connie Pike. Rubutunsa ne, irin gyaran da yake mana bayan koyon waƙa: "Baiti na biyu, har yau tana jan numfashi a tsakiyar kalma. Sau nawa zan gaya wa yarinyar nan?"

Ashe ya san ita ce. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ga kunya ta ishe ni. Gobe zan hau bas zuwa Nashville. Wannan takardar hannu da hannu zan ba ta.

Ka gaida Lurleen da yara.

Taka ƙanwa,
Ozella