Sulallan Alhaji a Kaskona

Talata, Fabrairu 1994, Sabon Gari



Da hantsi Hajiya Rabi ta kawo mani sulallan azurfa shida cikin ɗan akwati mai karan-miski, ta ce in ƙera mata awarwaro. Kowane da hoton kan wani Bature mai gashi buya-buya. Ban tambaya ba. Mu maƙeran fari haka muka gada: a goga a dutse, in azurfa ce a jefa kasko. Na narkar da biyu.

Sai ga ƙanen mijinta Alhaji, Malam Issufu mai koyarwa a lise, babbar sakandare, ya faɗo rumfata yana haki.

"Baba Sani, ina sulallan Yaya?"

Na nuna mashi kaskon. Ya dafe kai yana salati. Wai hotunan na manyan makaɗan Turawa ne na da, don tunawa da su aka buga sulallan, kuma sai sun cika shida cif suke da daraja. Tun da darajar kuɗinmu sefa ta faɗi, Alhaji ya ce su kaɗai ne abinsa da gwamnati ba za ta rage ba. Hajiya kuwa ba ta gaya mashi ta ɗauka ba.

Jibi Alhaji yake dawowa daga Kwatano. In na faɗi gaskiya na tona mata asiri, in na yi shiru ni ne ɓarawo. Shekara talatin ina yi wa gidan nan aiki!

Na gwada zana kan Baturen a kakin zuma har sau uku, ko zan iya sake zuba biyun da na narkar. Duk ukun kamar akuya.