Shanun Baba Sun Shiga Waya

Asabar, 14 ga Agusta, 2021
Yau Baba ya sayar da shanun huɗarsa biyu. Ni na matsa masa, tun da aka kore na maƙwabcinsa Mani a Yargoje. Kuɗin na zuba su a hannun jarin wani kamfanin siminti, ta wayata. Kafin damina mai zuwa in fitar, ya sayi wasu, har da canji. Ya ce, "Najiba, in gwamnati ta sa hannu hwa?" Na ce ina ruwan gwamnati da kasuwar hannun jari ta Legas? Malamar lissafi guda, ai ba zan kai shi rami ba.

Laraba, 1 ga Satumba
An rufe kasuwannin dabbobi saboda ɓarayin daji. Da mun yi jinkiri! Na ji daɗi har na ji kunyar jin daɗin.

Juma'a, 10 ga Satumba
Gwamnati ta katse sabis ɗin waya. Ba Kankara kaɗai ba, har Faskari da Sabuwa. Wai don kada masu kai wa ɓarayi rahoto su samu hanya. To, ni kuma fa?

Talata, 21 ga Satumba
Yaya Yahya ya hau dutse da wayata neman sabis, ya sauko da gumi kawai. Ya samu abin yi: "Malama, an ba shanun waya dusa kuwa?"

Asabar, 16 ga Oktoba
Na shiga mota har Gwarzo don in ga abin da ake ciki. Sabis na shigowa na buɗe manhajar kasuwar. Farashi ya faɗi. Wai jita-jita ce cewa za a ƙara wa kamfanonin haraji, kowa ya ruga yana sayarwa. Wani ya yi tari a Abuja, shanun Baba sun rame. In na fitar yau, sa ɗaya da ɗan maraƙi.
Na daɗe zaune a bakin tasha, yatsana a kan wurin sayarwa. Ban danna ba. Kamfanin bai rushe ba, mutane ba su daina gini ba. Ba zan sayar don tsoro ba. Amma tsoron na ji shi, Allah ya sani.

Lahadi, 17 ga Oktoba
Na je gida na faɗa wa Baba komai, ban rage ba. Na shirya wa faɗa. "Allah shi kyauta, ɗiyata. Kin ci abinci?" Shi ke nan. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 7 ga Nuwamba
Na tarar da Baba a zaure yana sa wa tsohuwar garmar hannunsa sabuwar ƙota. Mutumin da bayansa ba ya barinsa ruku'u sosai. Da ya gan ni ya tura ta bayan buhu.

Alhamis, 11 ga Nuwamba
Shanun nan za su dawo gidan Baba kafin ruwan farko, ko da albashina ne zai cike.
Gobe kansila zai zo makarantarmu taro kan maganar sabis. Ni dai ba na siyasa, kowa ya sani. Zan zauna can baya ne in saurara. Sai dai na roƙi abokiyar aikina Hajaratu ta kama mini wuri a layin gaba, saboda fankar can ta fi aiki. Idan kuma ya ce mu ƙara haƙuri, zan miƙe.