Ranakun da Nake Wanke Madubai

Litinin, 3 ga Maris
Maigida ya kira ni ofis. Zannuwan otal-otal sun yi wa gidan wankinmu yawa, tururi ba ya isa. Ko dai a ƙaro madubaina masu tara zafin rana a kan bututu, ko a kwashe su a shimfiɗa farantan sola da tukunyar lantarki. Wai in rubuto masa wanda ya fi arha. Ni! Shekara shida ina kan rufin nan, takardar izinin zamana a ƙasar nan kuwa abu ɗaya ta ce: mai kula da madubai. In babu su, babu ni.

Alhamis, 6 ga Maris
Injiniyar kamfanin sola ta zo. Sa'ar ƙanwata ce. Tana hawa rufi ta ce, "Yaya, kayan tarihin nan har yanzu suna numfashi?" Na ce suna dafa ruwa tun kina koyon haɗa waya. Ta yi dariya. Abin haushi, ba ta da raini. Ta tsugunna ta duba injin da ke juya su suna bin rana, ta ce mai riƙe da shi ya san hannunsa.

Asabar, 8 ga Maris
Ina da gaskiya. A fili iri ɗaya madubi ya fi farantinta ba da zafi nesa ba kusa ba. Don me za ka mai da rana wuta, sannan ka mai da wutar zafi? Amma ita ma tana da tata. Farantan sun yi arha, ba sa juyi, ba sa yoyo. Ga filin bayan sito a kwance ba a komai da shi, wato zancen ƙarancin wuri da na dogara da shi ya faɗi.

Talata, 11 ga Maris
Hadari yini guda, ba ruwa. Allurar ma'aunina ko motsi. Farantin gwajin da injiniyar ta bari yana ta ba da wuta, kaɗan ce, amma yana bayarwa. Aka kunna tukunyar gas don a samu tururi.

Laraba, 12 ga Maris
Uwar yara ta kira daga gida, babbarmu ta samu makarantar jinya. "Baban yara, lafiya kuwa? Muryarka wani iri." Na ce mura ce.

Juma'a, 14 ga Maris
Innalillahi. Na ɗauko littafin da nake rubuta awon zafin madubai don rahoton. Lambobi sun yi kyau, har kyan ya ba ni tsoro. Sai na lura duk awon na Litinin da Alhamis ne, ranakun da nake wanke madubai. In hau da bokiti, in wanke, in ga suna walƙiya, raina ya yi fari, in rubuta. Ranar da ƙura da kashin tantabaru suka rufe su, ko ranar gajimare, ban taɓa ɗaukar biro ba. Allah shaida ban yi nufin ƙarya ba.

Na sauka ɗakin tukunya na bi mitar gas, ita ba ta zaɓen rana. Kusan sulusin tururin da nake taƙama da shi, gas ne ya dafa.

Babu wanda ya sani. In na miƙa littafin yadda yake, madubai sun ci.

Lahadi, 16 ga Maris
Rahoto biyu na rubuta. Ɗaya da lambobin littafi, ɗaya da na mitar gas.

Litinin, 17 ga Maris
Na miƙa na gaskiyar. Kada in yabi kaina, sai da na kai ƙofar ofis da ɗayan a hannu. Maigida ya karanta ya cire tabarau. "Malam, ka san abin da ka jawo wa kanka?" Na ce na sani. Nan da wata biyu za a sauke madubai. Takardata fa? Wai sai mu gani. Sai mu gani! Shi dai ba shi da laifi, tururi yake saye, ba tausayi ba.

Asabar, 22 ga Maris
Injiniyar ta dawo awon fili, maigida ya nuna mata rahoton. Ta ce, "Yaya, farantai ma ana wankewa, kuma ina neman wanda ba ya ɓoye lamba. Amma sai ka ci jarrabawar lantarki kafin a sauya maka takarda." Na ce ban tsufa don in zama ɗan makarantarta ba. Ta ajiye littafin jarrabawar a kan bututu ta sauka abinta.

Na ɗauko shi ne kawai don kada tantabaru su ɓata shi. Ina jin akwai kuskure a shafi na arba'in. Gobe zan sake dubawa.